Kundin aikin shirin Frankie Knuckles

3 ga Disamba, 2024

Na tsayar da shawara. Shirin zai zama kashi biyar, na sauraro ne zalla babu hoto, kowane kashi kamar minti 25. Batunsa rayuwar aikin Frankie Knuckles, mutumin da ake yi wa kirari da ubangidan kiɗan house. A nan zan riƙa rubuta inda aka kwana, domin masu tambayata su daina jin shiru, ni ma in riƙa ganin abin da ya rage a gabana.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa na yanka Francis Warren Nicholls. An haife shi a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 18 ga Janairu, 1955, ya rasu a Shikago ranar 31 ga Maris, 2014, yana da shekara 59. Sana'a uku ya haɗa a hannu ɗaya. DJ ne mai saka faifai a gidan rawa, furodusa ne mai gina waƙa daga tushe, sannan mai rimiks ne, wato a miƙa masa waƙar wani da aka riga aka gama ya warware ta ya sake mata fasali.

Yaranmu masu harkar sauti sun san amapiano da afro house na Afirka ta Kudu, suna saka su a wajen biki har gari ya waye. Amma ka tambayi daga ina wannan bugun mai tafiya ɗaya-ɗaya ba tsayawa ya taso, sai ka ga an kalli juna. Saiwarsa tana Shikago, kuma wannan mutumin yana cikin waɗanda suka dasa ta.

Babbar matsalar da na hango tun yanzu ita ce haƙƙin mallaka. Ba ni da izinin saka waƙoƙinsa, ba ni kuma da kuɗin sayen izinin. Don haka shirin ba zai iya dogara da "ku saurari wannan" ba. Dole mu nuna yadda yake aikin da sautin da muka yi da hannunmu. Da farko na ɗauki wannan a matsayin cikas, yanzu ina ganin shi ne zai ba shirin ƙashin baya.

12 ga Disamba

Na gama rubutun kashi na ɗaya, shekarun New York. Bai ba ni wuya ba. Yaro ne ɗan makarantar zanen tufafi, shi da amininsa Larry Levan suna yawon gidajen rawa tun suna matasa. Sun yi hidima a gidan rawa na The Gallery na DJ Nicky Siano, inda suka ga yadda ake haɗa faifai da faifai ba tare da bugu ya yanke ba, daga nan suka samu wurin saka faifai a Continental Baths. A 1977 Robert Williams ya buɗe wuri a Shikago yana neman DJ daga New York. Levan ne Williams ya fara nema, shi kuwa hankalinsa na kan gidan rawa na Paradise Garage da ake shirin buɗewa a New York, sai aikin ya faɗa hannun Frankie yana ɗan shekara 22.

Akwai abin da na tattauna da ƙanwata, wadda ita ce za ta karanta rabin rubutun. Mafi yawan masu zuwa wurin Williams a farkon lamari baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, galibinsu maza masu neman jinsinsu, mutanen da sauran gidajen rawa na birnin ke wulaƙantawa tun daga bakin ƙofa. Frankie ma yana cikinsu. Ta ce, "Yaya, ka san kunnen da wannan maganar za ta faɗa." Na sani. Amma tarihi muke bayarwa, kuma in aka cire wannan ba za a gane abin da ya sa wurin ya zama na masu katin mamba kaɗai ba, ko abin da ya sa mutanen suka riƙe shi tamkar gida. Mun amince za a faɗe shi sau ɗaya, a fili, babu ado babu zagi, a wuce.

21 ga Disamba

Kashi na biyu shi ne zuciyar shirin, kuma shi ke cin lokacina.

Wurin sunansa Warehouse, tsohon ginin masana'anta mai hawa uku a lamba 206 kan titin South Jefferson. Ba a sayar da giya, sai ruwa da lemo da 'ya'yan itace. Ana fara taruwa tsakar daren Asabar, ba a watsewa sai rana ta ɗaga sosai ranar Lahadi. DJ guda ne zai riƙe mutane tsawon wannan lokaci. Abin da yake saka musu kuwa disko ne da soul, musamman na Philadelphia da na kamfanin Salsoul, waƙoƙi masu goge da ƙaho da muryoyin da aka horar a coci.

Sai ga 12 ga Yuli, 1979. A filin wasan Comiskey Park na Shikago, wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya kira jama'a su kawo faifan disko a tarwatsa da nakiya tsakanin wasannin ƙwallon baseball guda biyu. Duk wanda ya zo da faifai, senti 98 zai biya ya shiga. Dubun dubatar mutane suka cika wurin, aka fasa faifan, jama'a suka kutsa cikin fili, har wasa na biyu bai yiwu ba. Wani matashi baƙar fata mai aikin nuna wa 'yan kallo wurin zama a daren, Vince Lawrence, ya ba da labarin cewa yawancin faifan da ya ga ana kawowa ba ma na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙen fata ne kawai. Wannan Vince ɗin shi ne bayan shekara biyar suka fitar da "On and On" tare da Jesse Saunders, wadda ake yawan lissafawa a matsayin faifan house na farko. Na so in buɗe kashin da shi.

Bayan wannan dare manyan kamfanoni suka ja da baya daga disko. Sabbin faifai suka yi ƙaranci, alhali mutanen Warehouse ba su daina zuwa ba. A nan ne ainihin labarin yake. Hausawa na cewa rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Frankie ya nemi faifai daga Turai, musamman na Italiya masu kiɗan na'ura, ya cakuɗa da nasa. Sannan ya koma kan tsofaffin waƙoƙin da mutanensa suka haddace, shi da wani abokinsa mai ilimin sauti, Erasmo Rivera, suna kwafe su a tef suna yankawa suna sake jerawa. A tsawaita wurin da ganga ke tafiya ita kaɗai, a maimaita layin da ke sa mutane ihu, a zubar da abin da ke sanyaya jiki.

Ina so in yi adalci a rubutun: ba shi ya ƙirƙiro wannan dabara ba. Tom Moulton da Walter Gibbons sun riga shi a New York, kuma tun 1976 Salsoul ta fara sayar da babban faifai mai inci 12 ɗauke da waƙa ɗaya da aka tsawaita. Abin da ya bambanta Frankie shi ne ɗaki guda yake yi wa aiki. Ya san fuskokinsu. Abin da ya yanka ranar Laraba zai gwada shi a kansu daren Asabar, ya ga inda ƙafa ta tsaya.

Ban ga yadda za a bayyana yankan tef da baki ba. Sai an ji shi. Ina neman wanda ke da na'urar.

5 ga Janairu, 2025

An same shi. Wani dattijo ne da ya yi ritaya daga sashen injiniyoyi na gidan rediyo, abokin marigayi kawuna. Yana da tsohuwar na'urar tef mai ƙafa biyu a ɗakinsa, lulluɓe da zane, kuma tana aiki. Da na yi masa bayanin abin da nake so, bai tambaye ni ko wane ne Frankie ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kawo abin da za a yanka."

Na kai masa ɗan kiɗan da muka yi da wani abokina mai fiyano, minti uku, da ganga da bes da muryar ƙanwata a kai. Muka juye shi a tef. Baba ya ɗauko kayan aikinsa daga cikin gwangwanin madara: reza, farin fensir mai maiƙo, ɗan ƙarfe mai kwari a tsakiya inda ake kwantar da tef, da siririn salatif na musamman. Ya kashe injin ya kama ƙafafun biyu da hannuwansa yana murzawa gaba da baya a hankali. Sautin da ke fitowa kamar gurnani. Sai ya tsaya cak. "Ka ji? Nan ne bakin gangar." Ni ban ji komai ba sai da ya maimaita. Akwai wani wuri da gurnanin ke yin nauyi farat ɗaya, nan ne daidai inda bugun ya fara. Ya ɗiga farin fensir a bayan tef ɗin, ya ja shi ya kwantar a kwarin ƙarfen, ya yanka a karkace.

Na tambaye shi, "Baba, me ya sa a karkace?" Ya ce in ka yanka a miƙe, kunne zai ji ƙas a wurin haɗin. In a karkace ne, sauti ɗaya na fita ɗaya na shiga, ba wanda zai san an taɓa.

Sai ya yi mini lissafin da zan saka a shirin yadda ya faɗe shi. A gudun da ake aiki da shi a sutudiyo, tef na tafiyar inci 15 a daƙiƙa ɗaya. Kiɗanmu bugu 120 ne a minti, wato kowane bugu rabin daƙiƙa, wato inci 7 da rabi. Bugu huɗu inci 30. In kana so ka tsawaita wuri mai bugu 64, kana maganar tef mai tsawon ƙafa 40. Kuma ba za ka maimaita abu ba sai ka sake kwafo shi daga asali, ka sake neman bakin ganga, ka sake yankawa. Guntayen da aka cire Baba yana rataye su a wuyansa da kan ƙusa a bango, kowanne da lambarsa, don kada a juya kai da gindi.

Da na gaya masa mutumin da muke magana a kansa ɗan makarantar zanen tufafi ne, sai ya yi murmushi. "To ai tela ne. Tsohuwar riga aka ba shi ya farke ya ɗinka wa mai ita daidai jikinsa. Wanda bai san jikin ba ba zai iya ba."

Tun bayan azahar muke yi har aka kira magariba, abin da muka samu kuwa minti uku sun koma biyar da 'yan kai. A kwamfuta aikin nan bai kai shan shayi ba. Amma na fahimci wani abu da karatu bai ba ni ba. In kowane yanka zai ci maka kwata na awa, kuma in ka ɓata ba maɓallin komawa baya, to ba za ka taɓa reza ba sai ka saurari waƙar har ka san abin da take buƙata. Daga baya, lokacin da Frankie ya samu manyan sutudiyo da komai a wadace, wannan taka-tsantsan ɗin bai bar hannunsa ba, kuma ana jin sa a aikinsa.

Na naɗi komai, har da gurnanin tef da ƙarar reza. Baba ya yarda a saka muryarsa, bai yarda a ambaci sunansa ba.

18 ga Janairu

Da yana raye, yau yake cika shekara 70.

Na shiga kashi na uku. A ƙarshen 1982 ya bar Warehouse, wurin ya cika da baƙin da ba su san al'adarsa ba, ya buɗe nasa mai suna Power Plant. Williams kuma ya ɗauko Ron Hardy ya ba shi Music Box. Samun waɗannan biyun a gari ɗaya a lokaci ɗaya ya taimaki kiɗan ƙwarai. Hardy mai zafi ne, yana ƙara wa faifai gudu, yana ƙure sauti, yana iya saka tef da baya. Frankie mai natsuwa ne, yana gina dare sannu a hankali. Yaran da ke haɗa kiɗa a ɗakunan kwanansu suna kai wa kowannensu kaset su ga wanda zai saka. A rediyo kuma Hot Mix 5 na tashar WBMX na kai kiɗan gidajen da masu su ba su taɓa taka gidan rawa ba. A 1983 Salsoul ta fitar da aikin da Frankie ya yi wa "Let No Man Put Asunder" ta ƙungiyar mawaƙa First Choice, abin da ya fara a matsayin yankan tef ya zama faifai mai sunansa a jiki.

Sai maganar na'urar ganga. Derrick May, saurayi daga yankin Detroit wanda daga baya ya zama jigo a kiɗan techno, ya sayar masa da Roland TR-909. Kamfanin Japan ne ya fitar da ita a 1983, ba ta samu kasuwa ba saboda makaɗa na ganin sautinta bai yi kama da gangar gaske ba, sai ta yi araha a hannu na biyu. Frankie yana kunna ta a ƙarƙashin tsofaffin faifai ta ƙara musu nauyi, ko ya bar ta ita kaɗai tana tafiya tsakanin waƙa da waƙa.

Wannan kam zan iya nunawa ba tare da na nemi izinin kowa ba. Na'urar tana da maɓallai 16 a jere. Ka saka babbar ganga a na 1, 5, 9 da 13. Tafi a na 5 da 13. Ƙaramin kuge a na 3, 7, 11 da 15, wato a tsakanin bugu. Shi ke nan, ka samu ƙashin house. A shirin za mu gina shi ɗaya bayan ɗaya mai sauraro na ji. Bugun huɗun nan ma ba na'ura ta ƙirƙiro shi ba, daga ƙafar Earl Young ya fito, mai gangar da ya buga a ɗimbin faifan Philadelphia da Frankie ke sakawa.

30 ga Janairu

Na tsaya a kan Jamie Principle fiye da yadda na tsara, kuma ban yi nadama ba.

Saurayi ne mai suna Byron Walton, yana rubuta waƙoƙi yana naɗa a gida. Wani ya kai wa Frankie kaset ɗinsa. Frankie ya ɗauki "Your Love" ya yi mata aiki, ya riƙa saka ta daga tef a Power Plant. Ta daɗe tana yawo a gari daga kaset zuwa kaset kafin ta hau faifai, har wasu na zaton waƙar wani Bature ce daga ƙetare. Ta fito da sunan Jamie a 1986. A 1987 kamfanin Trax ya fitar da wata sigar, kuma sunan Frankie Knuckles ne a gaba. Har yau mutane da yawa a duniya suna kiranta waƙar Frankie.

Ina ƙaunar mutumin nan, shi ya sa ba zan rufe wannan ba. Jamie ne ya rubuta, Jamie ne ya rera. Frankie ne ya ji abin da ke cikinta, ya gyara, ya ba ta ɗakin da ta girma. Duka biyun aiki ne, kuma a shirin kowanne zai fito da sunansa. Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne sun sake haɗuwa daga baya, a 2011 suka sake naɗar waƙar tare da mai fiyano Eric Kupper.

Kasuwar Shikago ta lokacin ba ta da tausayi. Trax na Larry Sherman na da injin buga faifai, an kuma san shi da narka tsofaffin faifai a buga sababbi a kai, shi ya sa sabon faifai ke fitowa da ƙaraf-ƙaraf tun daga leda. Yara da yawa sun sa hannu a takardun da ba su fahimta ba, wasu ma babu takardar. Makaɗi Larry Heard da mawaƙi Robert Owens sai da suka kai kamfanin kotu a 2020, a 2022 haƙƙin waƙoƙinsu ya dawo hannunsu, bayan fiye da shekara 30. Zan ware minti biyar a kan wannan kaɗai, domin duk yaron da ke haɗa kiɗa a sutudiyon unguwa yana buƙatar ya ji shi.

11 ga Fabrairu

Kashi na huɗu, rimiks. Tsarinsa ya zauna, naɗi ne bai fara ba.

Yayin da kiɗan ke sanyi a gida Shikago, a Birtaniya ya kama wuta. A Janairun 1987 "Jack Your Body" ta Steve Hurley ta hau matsayi na ɗaya a can. A shekarar Frankie ya je Landan ya yi 'yan watanni yana saka faifai a wurin rawa na Delirium, sannan ya koma New York, ya shiga kamfanin Def Mix da David Morales da Judy Weinstein suka kafa. A nan salonsa ya nuna sosai. Da Satoshi Tomiie ɗan Japan da muryar Robert Owens suka yi "Tears" a 1989. A 1991 ya fitar da kundinsa na farko a kamfanin Virgin, wanda ke ɗauke da "The Whistle Song", ta kai matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin rawa na Amurka.

Rimiks a hannun Def Mix ya wuce tsawaita waƙa. Kamfani zai aiko da babban tef mai layuka da yawa, kowane kayan kiɗa a nasa layin. Sau da yawa sai su zubar da kusan komai su bar murya. Sannan a kira masu fiyano irin su Kupper a gina sabon kiɗa a ƙarƙashinta daga farko. Ta haka ya yi wa Chaka Khan da Lisa Stansfield da Sounds of Blackness aiki, ta haka kuma waƙoƙi masu sanyin tafiya na Michael Jackson a 1995 da Toni Braxton a 1996 suka shiga gidajen rawa.

Mun gwada da ƙanwata jiya. Ta rera wata waƙarta mai sanyi, bugu 60 a minti, babu kiɗa ko kaɗan. Abokina ya saka ganga mai bugu 120 a ƙarƙashi, ninki biyu daidai, sai muryar ta zauna daram ba tare da an ja ta ko an matse ta ba. Daga nan ya fara ƙara abubuwa, ga goge, ga ƙaho, ga wani fiyano a kan wani. Ta cire abin kunnenta ta ce, "Yaya, ni ina nake a cikin wannan?" Muka koma muka saurari aikin Frankie da kunnen wannan tambayar. Abin da muka lura shi ne fiyanonsa yakan yi magana ne a inda mawaƙiya ta ja numfashi. Yakan ɗauki minti biyu ko fiye yana share fage kafin murya ta shigo, in ta shigo kuma komai ya rusuna mata. Muka cire rabin abin da aka ƙara, waƙar ta tashi.

Ni a ganina nan ne girmansa yake, kuma shi ne zaren da ya haɗa kashi na biyu da na huɗu. Akwai masu rimiks da in sun gama, su kake ji. Shi in ya gama, mawaƙin kake ji fiye da yadda ka taɓa jin sa. Zan saka sigogi biyun na gwajinmu a jere, cunkusasshen da sassauƙan, mai sauraro ya yanke hukunci da kansa.

25 ga Fabrairu

Na so a saki kashi na ɗaya ranar 31 ga Maris, ranar da ya rasu. Ga azumi ya ƙarato, ranar kuma za ta faɗa cikin hidimar Sallah. Mun dakatar da naɗi da duk wani aikin kiɗa sai bayan wata. Rubutun kashi na biyar kawai zan riƙa taɓawa.

Abin da ke ciki a taƙaice: a Fabrairun 1998 aka fara ba da kyautar Grammy ga mai rimiks, shi ya fara karɓa, Morales ya biyo shi a shekara ta gaba. Ranar 25 ga Agusta, 2004, birnin Shikago ya raɗa wa ɓangaren titin Jefferson inda Warehouse take suna Frankie Knuckles Way, da sa hannun Barack Obama lokacin yana ɗan majalisar dattawan jihar Illinois. Sai rashin lafiya. Ciwon suga, ga kuma karayar da ya samu a ƙafa wadda ta zama ciwon ƙashi, har aka yanke ƙafar a 2008. A wannan shekarar ce kuma rimiks ɗin da ya yi wa ƙungiyar Hercules and Love Affair ya sa sabbin matasa suka waiwayo shi. Ya ci gaba da tafiye-tafiye yana saka kiɗa har kwanakinsa na ƙarshe.

Ba na so kashin ya zama jerin kyaututtuka. Na fi son a tsaya kan abin da ya bari a hannu. Faifansa kimanin 5,000 suna ajiye a Stony Island Arts Bank da Theaster Gates ya buɗe a kudancin Shikago a 2015. Ginin Warehouse kuma, bayan an yi fargabar za a rushe shi, majalisar birnin ta saka shi cikin gine-ginen tarihi a 2023.

13 ga Afrilu

Mun dawo aiki. Barkanmu da Sallah, ko da ta yi nisa.

Kashi na ɗaya da na biyu an gama su, an tace. Na kai wa Baba ya saurara. Ya ce muryata ta yi sauri a wurin lissafin inci, mai sauraro ba zai kama ba, in sake karantawa kamar ina gaya wa wanda ke riƙe da reza a hannu. Za a sake wannan minti ɗayan. Ya kuma roƙi a bar gurnanin tef ɗin ya ɗan daɗe kafin magana ta shigo, na amince.

Kashi na uku saura ginin ganga mai maɓallai 16, wanda za mu naɗa ranar Asabar in wuta ta tsaya, in ba haka ba da janareta daga nesa don kada ƙararsa ta shiga. Kashi na huɗu yana jiran mai fiyano ya dawo daga tafiya. Na biyar har yanzu yana takarda, kuma akwai rata a tsakiyarsa: zamansa a gidan rawa na Sound Factory a New York a farkon shekarun 1990, lokacin da cutar ƙanjamau ke ɗauke mutanen ɗakinsa, kuma a 1992 aka rasa Ron Hardy da Larry Levan duka a shekara ɗaya. Wannan wurin yana buƙatar nasa fili, mai yiwuwa ya sa shirin ya koma kashi shida.

Na rubuta wasiƙar neman izinin saka daƙiƙa 30 na waƙa ɗaya tak, a ƙarshen kashi na uku. In an ba mu, alhamdulillahi. In ba a ba mu ba, ƙanwata za ta faɗi sunan waƙar da shekararta, mai sauraro ya neme ta da kansa. Sabuwar ranar sakin kashi na ɗaya ita ce Asabar ta farko a watan Mayu.